Hakkin Wanda Ya Sayi Tsohon Jirgin Ruwa Ya Tarar Da Aibi

A garuruwan bakin Kwara da Binuwai da tafkin Kainji, ba kowa ke da ƙarfin sa a sassaƙa masa sabon jirgi ba. Galibin masunta da 'yan fito tsoho suke saye a hannun 'yan'uwansu. Wani lokaci bayan 'yan kwanaki sai jirgi ya soma shan ruwa, a kankare kwalta a tarar da tsaga, rigima ta tashi. Hukunci na alƙali ne, amma sau da yawa maganar a zauren hakimi take ƙarewa da sulhu. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san abin da shari'a ta tanada.

Bisa ga mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan ke bi tsakanin Musulmi, mai saye yana da ikon mayar da jirgi ya karɓi kuɗinsa, in dai aibin ya riga ciniki, yana rage daraja, kuma bai gan shi ba, ba a gaya masa ba. In ya fi son jirgin, sai ya riƙe shi a kan kuɗin da ya biya. Abin da ya samu na fito kafin ya gane aibin nasa ne, gama da jirgin ya salwanta a kwanakin nan hasararsa ce.

Amma fa a nan ne mutane da yawa ke zubar da hakkinsu. Wanda ya ga tsaga ya yi shiru, ya ci gaba da fito har kasuwa biyu ko uku, shari'a tana ɗaukarsa ya yarda. Lalle ne ya daina aiki da jirgin ran da ya gani, ya kira shaidu, ya aika wa mai sayarwa.

In wani sabon lahani mai yawa ya sami jirgin a hannun mai saye, yana da zaɓi biyu. Ko dai ya mayar ya biya lahanin da ya auku a hannunsa, ko kuwa ya riƙe a ba shi arshi, watau ragin kuɗi. Ga yadda ake lissafi: a ce masana sun ƙiyasta jirgin lafiyayye naira 500,000, da aibinsa kuwa 400,000. Aibi ya ci ɗaya bisa biyar ke nan. In an saya 450,000, sai a mayar masa da 90,000.

Akwai wani hukunci a Muhtasar na Shehu Halilu da ya shafi jirgin katako sosai. Aibin da ba a iya gani sai an tsaga abu, kamar cin ƙwaro a cikin itace, ba a mayarwa saboda shi, sai in an gindaya sharaɗi, don mai saye da mai sayarwa duk ba su da hanyar saninsa. Wanda ya san ruɓa kuwa ya shafe ta da kwalta da fenti, wannan ha'inci ne. Cewarsa "na sayar yadda yake" ba ta wanke shi, kuma in jirgin ya nutse saboda aibin da ya ɓoye, zai mayar da kuɗin duka. Masassaƙa da sarkin jirgi su ne za a tambaya ko tsagar tsohuwa ce. In sun kasa tantancewa, mai sayarwa ya rantse.

Dokar ciniki ta Ingila ta 1893, wadda kotunan ƙasar nan suka gada, ta fi tsanani ga mai saye. Wanda ya sayar da jirginsa na kansa, ba sana'arsa ba ce, bai ɗauki lamunin ingancinsa ba. Sai dai a kama shi in jirgin ba nasa ba ne, ko ya saɓa wa siffar da aka yi ciniki a kanta, ko ya yi ƙarya.

Don haka malamin hakimi ya rubuta ranar ciniki, da ranar da aka ga aibi, da ainihin kalmomin da mai sayarwa ya faɗa, da sunayen shaidu. In akwai inji a rubuta lambarsa, in kuma jirgin na da rajista da hukumar hanyoyin ruwa mai hedkwata a Lakwaja, a nemi takardar. Muddin ana gardama, hakimi ya sa a jawo jirgin tudu, kada ya ɗauki kowa. Mutanen ƙasar Yawuri ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayu 2021 ba da ɗimbin 'yan kasuwa a cikinsa.