Furosesa Mai Mutuwa da Waya Mai Narkewa: Ina Gaskiyar Take?

Duk wanda ya yi niyyar haɗa kwamfutar girke don buga gem a 'yan shekarun nan, kafin ya kai ga ciro kuɗi ya sha gargaɗi. Wannan ya ce masa kada ya kusanci Intel, furosesarsu mutuwa take yi. Wancan ya ce katin hoton Nvidia gobara yake tayarwa. Wani ya rantse cewa katin da aka yi haƙar kirifto da shi ya riga ya gama aiki. Ga kuma mai shago a gefe yana cewa sabon RTX 5070 daidai yake da RTX 4090, a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa. Ruwa ba ya tsami banza, kowace daga cikin maganganun nan akwai abin da ya haife ta. Sai dai kafin labari ya iso kunnen mai saye, lambar samfurin da abin ya shafa ta faɗi a hanya, sunan kamfani kaɗai ya rage. Shi kuwa sunan kamfani ba ya gaya maka abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari.

Ta Intel ce ta fi nauyi. A watan Oktoban 2022 kamfanin ya fitar da furosesoshin zubi na 13, bayan shekara guda ya biyo da zubi na 14. Ba a jima ba masu Core i9-13900K da 14900K suka fara kukan cewa gem yana rufe kansa ana tsakiyar bugawa, musamman waɗanda aka gina a kan Unreal Engine. Abin da ya ruɗa mutane shi ne saƙon da ke fitowa a allo, wanda yake cewa ma'adanar katin hoto ta cika. Sai aka yi ta zagin katin, alhali lafiyarsa ƙalau. Furosesa ce ke tafka kuskure a lissafi lokacin da take warware bayanan gem, shi kuma gem ɗin ya nuna yatsa inda ba nan ba. A watan Afrilun 2024 Nvidia ya rubuta a bayanin sabuwar manhajar katinsa cewa mai wannan matsala ya tuntuɓi Intel. A watan Yuli wani ƙaramin kamfanin gem mai suna Alderon Games, masu Path of Titans, ya fito fili ya ce zai mayar da manyan kwamfutocinsa zuwa AMD saboda yawan lalacewar da yake gani.

Da farko Intel ya ɗora laifin a kan masu ƙera madabod, cewa sun cire iyakar wutar da ya kamata furosesa ta sha don allonsu ya fi na wasu gudu a gwaji. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba ce. A ƙarshen watan Yulin 2024 kamfanin ya amsa cewa umarnin da ke cikin furosesar kanta yana neman ƙarfin wuta fiye da kima. Ya fitar da gyara mai lamba 0x129 a watan Agusta, wanda ya hana neman abin da ya wuce bolt 1.55, sannan 0x12B a watan Satumba. Bayanin da ya bayar a ƙarshe shi ne akwai wani sashe a cikin furosesar da ke rarraba bugun agogo, wanda yawan wuta da zafi ke tsufar da shi da wuri. Yana tsufa, mafi ƙarancin wutar da furosesa ke buƙata don ta yi lissafi daidai yana hawa, har ranar da abin da ake ba ta zai kasa isarta.

To, wannan ɓangaren gaskiya ne. Ƙarin da aka yi masa shi ne cewa duk Intel haka take. Zubi na 12 ba ya ciki. Core Ultra 200 da suka fito a ƙarshen 2024 ba sa ciki. Kamfanin ya ce na kwamfutar tafi-da-gidanka ba sa ciki, haka nan Core i3 da ƙananan Core i5 marasa harafin K. Waɗanda abin ya shafa su ne i9 da i7 na kwamfutar girke, da i5 masu K, a zubi na 13 da na 14. Haka labarin tsatsa, wanda ya bazu a lokacin cewa duk furosesoshin suna ruɓewa daga ciki: Intel ya tabbatar da cewa an samu matsala irin wannan a masana'anta a wasu na farkon zubi na 13, amma ya ce an gyara ta a 2023, kuma ba ita ce tushen yawancin lalacewar ba.

Akwai kuma ƙaryar da ta fi waɗannan haɗari, saboda ita daɗin ji gare ta: wai da ka sabunta BIOS shi ke nan, furosesa ta warke. Sabuntawar riga-kafi ce ga wadda ba ta kamu ba. Wadda ta riga ta tsufa ba ta komawa, sai dai a canza ta. Intel bai janye kayan daga kasuwa ba, ƙarin garanti na shekara 2 ya yi, na kwali suka koma shekara 5. Wannan ya yi wa wanda ya saya sabuwa da rasit a hannunsa rana. Wanda zai saya ta hannu a Computer Village da ke Ikeja, ko a shagunan Kano da Abuja, lissafinsa daban ne, domin lalacewar ba ta da alama a jiki. Furosesar za ta tashi, Windows ya buɗe, a shiga intanet, komai lafiya lau. Sai an ɗora mata gem mai nauyi, musamman a buɗewar farko da yake shirya zane-zanensa, sannan halinta ya fito. Ni dai a ganina 13900K ko 14900K ta hannu ba abin saye ba ce sai da sharaɗi biyu: a bar ka ka gwada ta da gem mai nauyi na sa'o'i, kuma a yi yarjejeniyar dawowa da ita a gaban shaida.

Masu cewa a gudu wurin AMD don can babu irin wannan sun manta da watan Afrilun 2023, lokacin da wasu Ryzen 7000X3D suka ƙone har bayansu ya kumbura, suka lalata mazauninsu a madabod. Nan ma yawan wuta ne, kuma AMD ya tsayar da iyakarta a bolt 1.3 ta hanyar sabon BIOS. Bambancin shi ne an shawo kan wannan cikin makonni, ta Intel kuwa ta ci watanni ana ja-in-ja.

Sai wayar Nvidia. RTX 4090 ya fito a watan Oktoban 2022 a kan dala 1,599, yana shan wat 450 ta wani sabon filogi mai suna 12VHPWR. Cikin makonni hotunan filogin da ya narke suka cika intanet. A watan Nuwamba Nvidia ya ce ya san da kusan guda 50 a duk duniya, kuma abin da ya gano shi ne ba a tura filogin ya shige har ƙarshe ba. Binciken tashar Gamers Nexus ya nuna kusan haka. Daga nan sai jita-jitar ta rabu gida biyu: masu cewa katin bom ne, da masu cewa duk laifin mai kaya ne da bai iya sa filogi ba. Dukkansu sun kauce.

Lissafin ba shi da wuya. An yi filogin ne don ya ɗauki wat 600 a kan bolt 12, wato amfiya 50, a raba wa wayoyi shida, kowace ta ɗauki 8 da ɗoriya. Iyakar da aka ƙayyade wa kowane haƙorin filogin 9.5 ce. Tazarar da ke tsakani 'yar kaɗan ce. Tsohon filogi mai haƙora takwas wat 150 kawai ake ɗora masa, kowace waya tana ɗaukar amfiya 4 da ɗoriya, da sauran fili mai yawa. Kamar 'yan dako shida ne aka aza wa kayan da sai kowannensu ya ba da kusan duk ƙarfinsa: ɗaya ya ɗan sassauta kafaɗa, nauyin ya koma kan sauran. Haka idan haƙori ɗaya ko biyu ba su kama da kyau ba, wutar sai ta bi ta inda ya fi sauƙi, wayar nan ta yi zafi har robar ta narke.

A 2023 ƙungiyar PCI-SIG, mai tsara ƙa'idar waɗannan filogai, ta sake fasalinsa zuwa 12V-2x6. An gajarta ƙananan haƙoran da ke ba da izinin wuta, ta yadda idan filogin bai shige sosai ba katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba. Aka ɗauka magana ta ƙare. Sai ga RTX 5090 a ƙarshen Janairun 2025, dala 1,999, yana shan wat 575 ta filogi ɗaya tal. A watan Fabrairu wani Bajamushe masanin kayan kwamfuta, Roman Hartung, wanda aka fi sani da der8auer, ya auna nasa katin ya ga waya ɗaya tana ɗauke da fiye da amfiya 20, zafi a bakin akwatin wutar kwamfutar ya kai kusan digiri 150, filogin kuwa a zaune yake daram. A nan ne aka gane inda gizo ke saƙar. RTX 3090 Ti, wanda shi ma wat 450 yake sha ta irin wannan filogi, yana raba wayoyin gida uku yana lura da kowane gida. A ƙirar Nvidia ta 4090 da 5090 an haɗe wayoyi shidan wuri guda da zarar sun shiga katin, don haka katin jimillar kawai yake gani, bai san ko waya ɗaya ce ke ɗauke da rabin kayan ba. Sakacin mai kaya yana iya tayar da matsalar, amma ƙirar ce ta bar ƙofa a buɗe.

Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa kowane katin Nvidia yana cikin wannan haɗari. Yawancin rahotannin na 4090 ne da 5090, kuma narkewar roba ce da ƙauri, ba gida ya kama da wuta ba. Kati irin 5070 mai wat 250 kowace wayarsa amfiya 3 da rabi take ɗauka. Ba kuma wutar NEPA ko janareto ke jawo narkewar ba, kamar yadda wasu masu gyara a nan gida suke faɗa. Wuta mai hawa da sauka tana iya kashe akwatin wuta, shi ya sa UPS ke da amfani, amma filogan nan sun narke a Jamus da Amurka inda wuta ba ta ƙyaftawa. Mai katin da ke da irin wannan filogi ya tura shi har ya ji ya ce ƙas, kada ya lanƙwasa wayar dab da bakinsa, kuma ya guji mahaɗi mai kusurwa. Kamfanin CableMod ya janye irin nasa, fiye da 25,000, bayan sun yi ta narkewa.

Maganar 5070 da 4090 kuwa ba a majalisa aka ƙirƙire ta ba. Shugaban Nvidia ne da kansa, Jensen Huang, ya tsaya a dandalin bikin CES a Las Vegas a watan Janairun 2025 ya ce katin dala 549 zai ba da aikin 4090. Takardun kamfanin da kansu sun ƙaryata shi: 5070 yana da ƙwayoyin lissafi 6,144 da ma'adana gigabait 12, shi kuwa 4090 yana da 16,384 da gigabait 24. Dabarar tana cikin DLSS 4, inda katin ke zana hoto ɗaya na gaske, sannan ƙirƙirarriyar basira ta cusa har guda uku na hasashe kafin na gaba. Lambar da ke kusurwar allo za ta iya tashi daga 30 zuwa kusan 120, motsi ya yi santsi a ido. Amma hotunan hasashen ba sa jin hannunka. Idan ka danna maɓalli, gem yana amsawa ne da saurin hotunan gaske, kuma mai buga wasan harbi da abokan hamayya zai ji wannan jinkirin tun kafin ya san sunansa. Ba na cikin masu raina fasahar, tana da daɗi a wasan da ba na gaggawa ba, in dai gem ɗin yana karɓarta. Amma da aka kashe ta aka gwada katin a watan Maris, sai aka same shi kusa da RTX 4070 Super, nesa da 4090.

Katin haƙa ba ya buƙatar dogon bayani. Da farko dai yawancinsu ba Bitcoin suka haƙa ba, wannan ya daɗe da komawa kan injuna na musamman. Ethereum suka haƙa, kuma da ta sauya tsari a ranar 15 ga Satumban 2022 aka zubo su kasuwa. Masu haƙa da yawa suna rage wa ƙwaƙwalwar katin wuta don tsimin kuɗin lantarki, don haka ba ita ce ta fi shan wahala ba. Fanka ce da ta juya dare da rana, da ma'adana, musamman ta RTX 3080 da 3090 da kan haura digiri 100. Fanka ana canza ta da kuɗi kaɗan. Ma'adana idan ta fara mutuwa za ka ga ɗigo-ɗigo da layuka masu launi a allo, kuma wannan katin a bar wa mai shi abinsa.

Abin da ya fi katin haƙa cutar da mai saye shi ne jabu, ko suna mai ruɗi: tsohon kati irin GTS 450 da aka sauya wa BIOS yana kiran kansa GTX 1050 Ti, ko RX 580 mai lakabin 2048SP, wanda ƙwayoyinsa 2,048 ne irin na RX 570, ba 2,304 na ainihin 580 ba. Wata ƙaramar manhaja ta kyauta, GPU-Z, tana fito da waɗannan lambobi cikin daƙiƙoƙi. Ita ce ma ta tona wani labari a watan Fabrairun 2025 wanda da farko aka ɗauka sharri ne, cewa wasu sababbin RTX 5090 sun fito daga masana'anta da giɓi a sashen da ke kammala zane. Nvidia ya amsa, ya ce ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari ne, raguwar gudu kusan kashi 4, kuma abin ya taɓa 5080 da 5070 Ti. A layin da aka rubuta ROPs, 5090 lafiyayye 176 yake nunawa, 5080 kuma 112, 5070 Ti 96. Idan ka ga 168 ko 104 ko 88, katin yana cikin waɗanda kamfanin ya ce a mayar a canza.