Zaɓen Dajin Farauta: Yadda Iyali Ke Shirin Farautar Barewar Amurka

A Jihar Wayomin da ke yammacin ƙasar Amurka, farautar da za a yi a watan Oktoba tun a watan Mayu ake yanke shawararta. Maigida da uwargida da yara sukan shimfiɗa taswirar jihar, wadda hukumar kula da namun daji ta yanyanka zuwa yankuna fiye da 100, kowane da lambarsa. Daga cikinsu ne za su rubuta wanda suke so a takardar neman lasisi. Idan suka yi kuskuren zaɓe, ko dai su rasa lasisin baki ɗaya a wannan shekara, ko kuma su yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci su tarar da dabbobi birjik a bayan shingen da doka ta hana su ƙetarewa. Saboda haka zaɓen dajin farauta aiki ne da ke buƙatar sanin halayen dabba, da labarin ƙasa, da ɗan lissafi.

Wace Dabba Ce?

Mutanen can suna kiran wannan dabba da sunan da Turawa ke bai wa dangin barewa da gada da gwanki na Afirka, amma a wurin masana ba danginsu ɗaya ba. Sunanta na kimiyya Antilocapra americana, wanda masani George Ord ya raɗa mata, kuma ita kaɗai ta rage a zuriyarta. 'Yan'uwanta mafi kusa a yau su ne raƙumin dawa da okafi. A wannan maƙala za a riƙa kiranta barewar Amurka don sauƙin fahimta.

Babban namiji yakan kai nauyin kilo 40 zuwa 65, mace kuwa ba ta kai haka ba. Ƙahonta abin mamaki ne. Yana da ƙashi a ciki, da kube a waje wanda aka yi da sinadarin keratin, wato irin abin da ke cikin farce da gashi. Kuben namiji yana da ɗan reshe da ke kallon gaba, kuma kowace shekara yakan kwaɓe ya faɗi, sabo ya tsiro. Barewa da gwanki ba sa zubar da ƙahonsu har mutuwa.

Wajen gudu kuwa, takan kai kimanin kilomita 88 a cikin awa ɗaya. Cita ta Afirka ce kaɗai ta fi ta sauri a doron ƙasa, amma cita takan gaji cikin ɗan lokaci, ita kuwa wannan tana iya daɗewa tana sheƙawa, domin tana da babbar zuciya da manyan huhu da faffaɗan maƙogwaro. Babu wata dabba mai cin nama a Amurka ta yau da ke buƙatar a tsere mata da irin wannan sauri. Wannan ya sa masani John Byers ya kawo ra'ayi a littafinsa na 1997 cewa saurin gado ne daga zamanin da wasu manyan namun daji masu kama da cita ke yawo a wannan nahiya, kafin su ɓace dubban shekaru da suka wuce. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan da bai wuce 'yan kwanaki da haihuwa ba yakan tsere wa mutum.

Idanunta manya ne, suna gefen kai, suna ganin kusan digiri 300 ba tare da ta juya ba. Tana hango motsi daga nisan kilomitoci. In ta tsorata sai ta miƙar da farin gashin da ke gindinta, sauran garke su hango daga nesa su zabura. Don haka ba ta son kurmi, sai fili fetal. Abincinta a lokacin sanyi ganyen wani ɗan tsiro ne dangin tazargade, wanda ya mamaye filayen jihar.

Dalilin Yanka Daji Yanki-Yanki

An ƙiyasta cewa kafin Turawa su bazu zuwa yammacin Amurka, yawan wannan dabba ya kai miliyoyi masu yawa. Farauta ba ƙaidi don sayar da nama da fata, da noma, da shingayen makiyaya suka kusa ƙarar da ita. A shekarun 1920 abin da ya rage bai wuce dubu 30 ba. Sai jihohi suka hana farautarta na wani lokaci, daga baya suka buɗe bisa tsari. A 1937 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ake kira Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai ya riƙa tafiya wajen kula da namun daji. Da wannan kuɗi da na lasisi aka farfaɗo da garkunan, har Wayomin ta zama jihar da ta fi kowace yawan wannan barewa.

Adadin lasisin kowane yanki ba da ka ake yanke shi ba. Ma'aikata sukan shiga ƙaramin jirgin sama su bi miƙaƙƙun layuka a kan daji suna ƙirga dabbobin da ke kusa da layin, daga nan su lissafa na yankin duka. A ƙarshen bazararsu kuma sukan ƙirga 'ya'ya nawa da maza nawa ke akwai ga kowaɗanne mata 100. Mace takan yi ciki na kimanin kwana 250, kuma galibi tagwaye take haifa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sai dai da yawa daga cikinsu dilolin dajin ke cinyewa. Idan 'ya'yan da suka rayu sun yi yawa, garke zai ƙaru, a ƙara lasisi. Idan sun yi kaɗan, a rage.

A nan akwai wata ƙa'ida da ya kamata ɗalibi ya riƙe. Namiji ɗaya yana iya barbarar mata da yawa, saboda haka harbin maza bai cika rage haihuwa ba. Harbin mata shi ke rage garke. Shi ya sa lasisin ya kasu: akwai na kowace irin barewa, wanda masu neman babban namiji ke rububi, akwai kuma na mace ko ɗanta, mai araha, wanda ake bayarwa a inda dabbobi suka fi ƙarfin abincin daji ko suka addabi gonaki.

Ƙuri'a da Maki

Masu nema sun fi lasisi yawa, don haka ƙuri'a ake jefawa. Ana rufe karɓar takardu a ƙarshen Mayu, sakamako ya fito a Yuni. Kaso mafi tsoka na 'yan jihar ne. Baƙi daga wasu jihohi kuwa suna da tsarin maki: mutum yana iya sayen maki ɗaya kowace shekara ya tara. Kashi 75 cikin 100 na lasisin baƙi yana tafiya ga waɗanda suka fi maki, kashi 25 kuma sa'a ce zalla.

Iyali suna iya nema a ƙungiya ɗaya ta mutum har shida, ko su samu tare ko su rasa tare. To amma ana haɗa makinsu ne a raba daidai. Alal misali, idan uba yana da maki 6, uwa tana da 4, ɗansu yana da 2, jimla 12 ke nan, a raba gida uku, ƙungiyar ta tsaya a maki 4. Yankin da a bara sai mai maki 6 ya samu ya fi ƙarfinsu, ko da yake uban shi kaɗai zai iya samu. Nan ne shawara ta farko take: a bar yara a gida a nemi yanki mai suna, ko a tafi tare a yankin da bai kai shi ba.

Dajin Wa?

Kusan rabin ƙasar Wayomin mallakar gwamnatin tarayya ce, kuma yawancin wannan kaso buɗe yake ga mai lasisi. Sauran na makiyaya ne da manoma da gwamnatin jiha, kuma shiga filin mutum ba da izininsa ba laifi ne. A arewa maso gabas, wajen garin Jilet, dabbobi suna da yawa kuma lasisi yana da sauƙin samu, amma galibin filayen na mutane ne. A kudu maso yamma, wajen dajin da suke kira Jar Hamada, filin gwamnati ya yalwata, sai dai kowa can yake so, saboda haka sai an tara maki na shekaru. Sauƙin lasisi sau da yawa alama ce ta wahalar shiga. Hukumar tana da wani shiri da take biyan wasu masu filaye don su bar mafarauta su shiga da ƙafa, kuma iyali mai dabara yakan duba ko akwai irin waɗannan filaye a yankin da yake so.

Akwai kuma wata matsala da ta samo asali daga tarihi. Ta dokokin 1862 da 1864, gwamnati ta bai wa kamfanin jirgin ƙasa filaye don ya shimfiɗa layin dogo, amma ba a haɗe ba. An yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, aka bai wa kamfani ɗaya aka tsallake ɗaya, har nisan kimanin kilomita 32 a kowane gefen layin. Sai taswirar kudancin jihar ta zama kamar allon wasa mai gida baƙi gida fari. Filayen gwamnati biyu ba sa haɗuwa sai a kusurwa. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga Jihar Misuri suka yi amfani da tsani suka ƙetare irin wannan kusurwa ba tare da sun taka filin kowa ba, aka kai su kotu. A watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci cewa ƙetarewar halal ce muddin ba a taɓa filin mai shi ba. Duk da haka, mai tafiya da ƙananan yara yakan fi son filin gwamnati mai faɗi wanda hanya ta ratsa.

Sanyi, Shinge da Ƙaura

Yankin da ya yi kyau shekara biyar da suka wuce yana iya zama kango a bana. Barewar Amurka ba ta iya tona dusar ƙanƙara mai zurfi don neman abinci, saboda haka takan yi ƙaura. Wani garke yakan bar gandun Giran Titon kowace kaka ya gangara kudu zuwa kwarin kogin Girin, tafiyar fiye da kilomita 150. Ƙasusuwan da aka tono a wani matsattsen wuri a kan hanyar sun nuna cewa kimanin shekara 6,000 ke nan ana bin ta. A 2008 aka ba wani sashe na hanyar kariya ta musamman, a 2012 kuma aka gina gadoji biyu a saman babbar hanyar mota don dabbobin su riƙa hayewa.

Babban abokin gabarta shinge ne. Duk da saurinta, ba ta son tsallake waya, ta ƙarƙashi take ratsawa. A sanyin 1983 wani shinge mai tsawon kimanin kilomita 45 da aka kafa a kudancin jihar ya tare hanyar wani garke, ɗaruruwa suka mutu a jikinsa, har kotu ta ba da umarnin a gyara shi. Shingen da masana ke ba da shawara a yau shi ne wanda wayarsa ta ƙasa ba ta da ƙaya, kuma ta ɗaga daga ƙasa da santimita 40 zuwa 46.

Sanyin 2022 zuwa 2023 ya zo da tsanani. Dusar ƙanƙara ta daɗe ba ta narke ba, ga kuma wata cutar huhu da ƙwayar Mycoplasma bovis ke haddasawa ta ɓarke a wajen garin Fayindel. Dubban dabbobi suka mutu, hukuma ta rage lasisi fiye da 10,000 a 2023, galibi na mata. Wanda ya dogara da tsohon labari wajen zaɓe a wannan shekara ya sha mamaki.

Abin da Ya Dace da Yara

Doka ta yarda yaro ya yi farautar manyan dabbobi tun daga shekarar da zai cika 12, da rakiyar babba idan bai kai 14 ba. Duk wanda aka haifa daga 1966 zuwa yau sai ya yi kwas na kiyaye haɗarin bindiga, kuma dole mai farauta da bindiga ya sa tufa mai launi mai ƙyalli, ruwan lemo ko ruwan hoda, don kada a ɗauke shi dabba. Yawancin jihar tudu ne da ya haura mita 1,800 daga teku, inda iska ba ta da kauri, mutum kan gaji da wuri. Hanyoyin daji kuma in ruwa ya taɓa su sukan zama taɓo mai santsi.

Filin da ya dace da mai koyo shi ne mai 'yan tuddai da kwazazzabai, domin a shimfiɗaɗɗen fili ba a iya kusantar dabbar, sai a shiga jarabar harbi daga nesa, wanda kan raunata ta ba tare da ya kashe ba. Kusanci da gari ma yana da muhimmanci saboda nama. Gashin dabbar yana da rami a ciki, yana riƙe zafi, ga kuma rana takan yi ƙarfi a Satumba. Idan ba a feɗe da wuri an sa nama cikin ƙanƙara ba, ƙwayoyin cuta za su hayayyafa ya lalace, kuma barin nama mai kyau ya lalace laifi ne a dokar jihar. Wasu iyalai kuma sun koma harsashin jan ƙarfe, domin na dalma yakan farfashe cikin nama, dalma kuwa guba ce ga yara da kuma gaggafar da ke cin kayan cikin da aka bari.

Iyalin nan masu maki 4, in sun auna duk wannan, za su iya barin yankin da ya yi suna da manyan ƙahoni. Za su nemi wanda ƙididdigar bara ta nuna makinsu zai isa, mai filin gwamnati a haɗe, wanda garkensa ya farfaɗo daga sanyi, kuma bai yi wa gari nisa ba. Ga ɗansu mai shekara 13 kuwa, lasisin mace ya wadatar, domin abin da zai koya shi ne karanta taswira, lura da iska, haƙuri, da sanin cewa adadin da aka yarda ya harba an ciro shi ne daga ƙidayar 'ya'yan da suka rayu a wannan shekara.