Baƙi a Fas da Marrakesh: Ganuwa Ta Farfaɗo, Unguwa Na Tsiyayewa

A birnin Marrakesh na ƙasar Maroko akwai wani girki da ake kira tanjiya. Nama ne ake zubawa cikin tulun ƙasa mai dogon wuya, a sa tafarnuwa da za'afaran da lemon tsamin da ya daɗe a gishiri da tsohon man shanu, a rufe bakin da takarda a ɗaure. Ba a gida ake dafa shi ba. Gidan wankan unguwa ake kai shi, a miƙa wa mai hura wutar da ke ɗumama ruwan wanka, shi kuma ya binne tulun cikin toka mai zafi, ya bar shi sa'o'i har naman ya saki ƙashi. Asalinsa girkin maza ne, masu sana'ar hannu da kan yi karo-karo su tafi lambu ranar Juma'a su ci tare. Kafin a ci tanjiya ta gaskiya ke nan, sai an samu mahauci da maginin tukwane da gidan wanka mai aiki da itace, da kuma unguwar da mutanenta ke zuwa wankan. Yau sunanta na cikin jerin abincin gidajen da baƙi ke cika, amma waɗannan abubuwa da ta dogara a kansu su ne suke raguwa.

Yawan baƙin ba ƙarami ba ne. A 2024 mutum miliyan 17.4 suka shiga Maroko yawon buɗe ido, har ta sha gaban Masar, wadda ta samu miliyan 15.7, ta zama ta ɗaya a Afirka. A 2019 kimanin miliyan 13 ne. A tsakanin nan kuwa an yi annobar korona, an kuma yi girgizar ƙasar watan Satumban 2023 da ta halaka mutum kusan 3,000 a duwatsun kudu da Marrakesh. Duk da haka baƙi ba su fasa ba.

Babban dalili, a ganina, kuɗin jirgi ne. A 2006 Maroko ta ƙulla yarjejeniyar buɗe sararin samaniya da Tarayyar Turai, kamfanonin jirage masu araha irin su Ryanair suka kwararo. Daga Paris zuwa Marrakesh tafiyar sa'a uku ce da 'yan mintoci, ma'aikaci na iya tashi ranar Juma'a ya dawo bakin aikinsa ran Litinin. Sai rikicin 2011 da ya girgiza Masar da Tunisiya, ya karkato da matafiya da dama zuwa ƙasar da suke ganin ta fi kwanciyar hankali. Ƙwallon ƙafa ma ya yi nasa aikin a 2022, lokacin da Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya.

Amma jirgi kawo mutum kawai yake yi. Abin da mutumin ke nema shi ne ya sauya. A da, baƙo ya kalli hasumiyar masallacin Kutubiya ta Marrakesh, ya ɗauki hoto, ya koma otal ya ci abincin Turawa. Yanzu yana son a ratsa da shi lunguna ya ɗanɗana miyar harira da faten wake na bisara, a kai shi kasuwa ya sayo kayan miya, wata dattijuwa ta koya masa haɗa girkin tajin. Wayar hannu ta ƙara wa wutar nan mai. Akushin kuskus mai tururi ya fi bangon tarihi saurin yawo a Instagram, kuma wanda ya gani gobe shi ma sai ya nemi hanya. Hukumar UNESCO ta ƙara wa abin armashi: ta sa tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, na Marrakesh a 1985, sannan a 2020 ta amince da kuskus a matsayin gadon ƙasashen Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya.

Mu Hausawa dai hanyar Fas ba baƙuwa ba ce a gare mu. Tijjanawa daga Kano da Zariya da Damagaram sun daɗe suna zuwa ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815. Kafin su ma, fatun jar akuyar Sakkwato da majeman Kano suka jeme sun ƙetare Sahara, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko. Bahaushen da ya tsaya a kan majemar Shuwara ta Fas yana toshe hanci da ganyen na'ana'a, sana'ar gidansu yake kallo. Sai dai mai ziyara daban, mai yawon buɗe ido daban, kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, ko ziyarar ma sai mai hali.

Alherin da baƙi suka kawo ba abin musu ba ne. Yawon buɗe ido na samar da kimanin kashi 7 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasar, kuma dubban gidaje da shi suke cin abinci: masu dafuwa, 'yan rakiya, direbobi, masassaƙa, masu ɗaura tayil ɗin ado na zilij a bango. Tsofaffin gidaje masu tsakar gida da lambu, waɗanda ake kira riyad, da yawa sun kusa rushewa kafin a saye su a mai da su masauki. Ya kamata a yi adalci a nan, domin ba baƙi suka fara watsa tsohon gari ba. Tun da Faransawa suka ɗauke fadar mulki daga Fas zuwa Rabat a 1912, manyan iyalan Fas suka riƙa ƙaura zuwa can da Kasablanka, suka bar gidajen kakanni ga 'yan haya da suka zo daga ƙauye, iyali da yawa a gida ɗaya, ba mai ƙarfin gyara. Kuɗin baƙi ne ya dawo da magina da masu sassaƙar itacen al'ul bakin aiki.

To, amma gidan da ya zama masauki ya daina zama gida. Ba yaran da za a aika da faranti ɗauke da ƙullin burodi zuwa gidan gashin unguwa, ba matan da za su cika gidan wanka da rana. Ƙa'idar tsohuwar unguwa a waɗannan birane ita ce masallaci da makarantar allo da famfo da gidan wanka da gidan gashin burodi, kowanne yana rayuwa da cinikin maƙwabta. Murhun gas ya riga ya rage wa mai gashi kasuwa. Tashin farashin gidaje ya zo ya kwashe sauran abokan cinikinsa zuwa sababbin unguwanni a bayan ganuwa. Mai shagon da ke sayar da gari da mai sai ya ga fitilun ado da takalman fata sun fi kawo riba, ya sauya haja. Wanda ya rage a unguwar kuma ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu cefane.

Abincin kansa ya ji a jikinsa, ko da yake a hankali. A gidan Bamaroke kuskus abincin Juma'a ne, bayan an sauko daga masallaci, kowa hannunsa a akushi ɗaya. A gidan abincin baƙi kullum Juma'a ce. Bastila, wadda mutanen Fas ke yi da naman tattabara da almon da sukari da kirfa don biki, an fi yin ta da kaza yanzu, ƙarama, ta mutum ɗaya. Jerin abinci ya tsuke ya koma 'yan kaɗan da baƙo ya riga ya ji sunansu, girke-girken gida da ba su da kyan hoto suka koma gefe. Ba na cewa abin da ake ba baƙi ƙarya ne. Sau da yawa yana da daɗi ƙwarai. Amma an raba shi da ranarsa da dalilinsa.

Dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh ya nuna wannan ƙarara. Marubucin nan ɗan Sifen, Juan Goytisolo, wanda ya zauna a Marrakesh, shi ne ya jagoranci fafutukar kare dandalin saboda masu ba da labari da mawaƙansa, har UNESCO ta karrama dandalin a 2001. Karramawar ta ƙara jawo jama'a, amma jama'ar da ba ta jin Larabcin Maroko. Mai ba da labari da harshe yake ci, mai gasa nama kuwa hayaƙi ke yi masa talla. Rumfunan abinci suka bunƙasa, masu labarin suka zama 'yan ƙalilan. Da korona ta rufe iyakoki a Maris na 2020, dandalin ya yi tsit, masu rumfa da masu wasa da maciji suka rasa na cefane a dare ɗaya.

Sai batun ruwa, wanda ya fi duka nauyi. Maroko ta yi shekaru a jere tana fama da fari, har a Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a shekarar, domin garken ƙasar ya ragu da kashi 38 cikin 100 idan aka kwatanta da 2016. A wannan yanayi ne aka ci gaba da cika wuraren ninƙaya na otal-otal, ana shayar da filayen wasan golf a gefen Marrakesh, baƙo kuma yana biyan kuɗin gasasshen rago da talakan gari ba zai iya ba.

Gwamnati ba ta da niyyar taka burki. Burinta baƙi miliyan 26 a 2030, shekarar da za ta karɓi gasar kofin duniya tare da Sifen da Fotugal, kuma Fas da Marrakesh duk suna cikin biranen da aka tsara za a buga wasa. Ana faɗaɗa filayen jirgin sama, an kuma fara shimfiɗa layin jirgin ƙasa mai sauri daga Kenitra zuwa Marrakesh.