Abincin Gida da Hanyoyin Rage Ciwo Ba Tare da Ƙwaya Ba

 A wannan fitowa za mu yi bayani kan abin da kusan kowane gida ke fama da shi, wato ciwon jiki, da abin da za mu iya yi masa da kayan da ke hannunmu.

Tun da aka buɗe sansanin Minawao a watan Yuli na 2013, iyalai daga Gwoza, Bama, Banki da sauran garuruwan jihar Borno suke isowa, sun baro gonaki da rumbuna da murhunsu. Wanda yake kwana a ƙasa, yake ɗaukar jarkar ruwa da damin itace kullum, dole baya da gwiwa da wuya su dame shi. Ga kuma tunanin waɗanda aka rasa. Damuwa tana sauka a jiki: kai ya yi nauyi, kafaɗu su ɗaure, ciki ya riƙa zafi, barci ya ƙi zuwa. Ciwo ne na gaske, kuma babu abin kunya a cikinsa.

Jan kunne kan ƙwayoyin bakin hanya

A kasuwannin arewacin Kamaru, daga Garwa har Kusiri, ana sayar da ƙwayoyi a kan tire da bayan keke. Wadda ta fi yin ɓarna ita ce tramadol, wadda aka fi sani da tramol. Masu babur na haya da 'yan dako da masu aikin gona suna shan ta don kada su ji gajiya. A asibiti likita kan ba da mai ƙarfin miligiram 50 ko 100, na 'yan kwanaki kawai. Ta bakin hanya kuwa akan sami mai 200 ko 225. Tana jawo farfaɗiya, tana iya danne numfashi, kuma jiki yana sabawa da ita har mutum ya kasa tashi aiki sai ya sha.

Diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana shan su, musamman da yunwa, suna cin bangon ciki, suna kuma lahanta ƙoda. Mai juna biyu kada ta sha su sai da izinin ma'aikacin lafiya. Ga shi kuma a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40, maganin da ya wuni a rana kuwa ba a san abin da ya rage na ƙarfinsa ba.

Maganin da asibiti ya ba ku, ku sha shi yadda aka ce. Abin da muke so shi ne ƙananan ciwuka na yau da kullum su daina cinye kuɗin cefane.

Yadda abinci mai ɗumi ke rage ciwo

Yunwa da ƙishirwa su kansu suna kawo ciwon kai da jiri da kasala. Mutane da yawa da ke neman ƙwayar ciwon kai da rana, ba su karya kumallo ba, ba su kuma sha isasshen ruwa ba. Ɗumi yana sassauta tsokar da ta ɗaure. Ƙamshin daddawa a miya yana tuna wa mutum gida, zuciya ta ɗan kwanta, kuma idan tsoro ya ragu, jin ciwo ma yana raguwa. Shi ya sa muke roƙo kada a bar tsoho ko mai zaman makoki ya ci abinci shi kaɗai.

Mun san rabon abinci ba kullum yake kaiwa ƙarshen wata ba, don haka mun zaɓo girke-girken da ba sa cin kuɗi da itace.

Kunun gyaɗa. A sami gyaɗa kofi 1, a tsince wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, domin tana da guba mai cutar da hanta. A soya sama-sama, a murje ɓawon, a daka ta yi laushi. A dama da ruwa kamar lita 1 da rabi, a tace, a ɗora a wuta. Idan ya tafasa, a zuba ƙullun dawa ko masara ko shinkafa kamar rabin kofi, ana juyawa har ya yi kauri ya dahu. A sauke, a zuba ruwan tsamiya da ɗan sukari. Ya dace da mai jego, da tsohon da ba shi da haƙori, da wanda ya tashi daga zazzaɓi. Ga yaron da ya cika wata 6, a yi shi da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a ƙara ɗan cokalin mai, a ci gaba da ba shi nono.

Faten wake da ganye. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan da safe. Waken da aka jiƙa yana dahuwa da wuri, ba ya cin itace, ba ya kumbura ciki sosai, kuma ba sai an zuba kanwa da yawa ba. Idan ya yi laushi a zuba tsakin masara ko na dawa, da albasa da ɗan mai. Yakuwa ko zogale ko tafasa a sa su daga ƙarshe, su yi 'yan mintuna kawai. Wake da ganye suna taimakon mai ƙarancin jini, tsamin yakuwa da lemun tsami kuma yana sa jiki ya fi amfana da su. Kada a bi wannan abinci da shayi nan take, a ɗan jinkirta.

Tuwon dawa da miyar kuka. Ko jar dawa ce ko masakwa, tuwo mai laushi yana zama a cikin marar lafiya. Ɗan busasshen kifi, irin wanda ake kawowa daga tafkin Lagdo a kan kogin Binuwai, idan aka daka shi har da ƙayarsa aka zuba a miya, ya wadatar da gida duka. Daddawa da albasa suna ba da ɗanɗano, sai a rage magi da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokali 1. Mai hawan jini ya kiyaye wannan. Mai zafin ciki kuma ya rage barkono, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Ga masu zuwa kasuwa inda Fillanci ya fi yawa: yakuwa ita ce folere, kuka bokko, tafasa tasba, kunu kuwa gari.

Abin da za a yi wa ciwo a gida

Ciwon baya, wuya da mara. A cika gora da ruwan ɗumi, a naɗe ta da zane, a ɗora a wurin na minti 15 zuwa 20. A fara gwada ɗumin a bayan hannu. Wannan yana taimaka wa 'yan mata masu ciwon mara lokacin al'ada, haka ma ruwan citta mai ɗumi. Mai ciwon baya kada ya kwanta kwana da kwanaki, tafiya a hankali ta fi saurin warkar da shi. Wajen ɗaga jarka, a durƙusa da gwiwa, a riƙe ta kusa da jiki.

Targaɗe. A kwana 2 na farko sanyi ake so: tsumma mai ruwan randa, a ɗaga ƙafar sama, a huta. Idan mutum ya kasa taka ƙafar ko gaɓar ta karkace, a kai shi asibiti.

Tausa. Idan muka buge, mukan shafa wurin ba tare da an koya mana ba. Shafawa tana aika wani saƙo ta jijiyoyi wanda ke rage ƙarfin saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa. A yi tausa a hankali da man kaɗanya ko man gyaɗa. Ban da wurin da ya kumbura ya yi ja, da ƙafar da ta kumbura ita kaɗai tana zafi.

Ciwon kai. A sha ruwa kofi 2, a ci wani abu, a kwanta a inuwa da tsumma mai sanyi a goshi. Hayaƙin girki a rufaffen ɗaki ma yana kawo shi. Lokacin hunturu, da dare ke yin sanyi a gindin duwatsun Mandara, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Iskarsa ba ta da wari, amma tana kisa cikin barci.

Haƙori da maƙogwaro. A kurkure baki da ruwan ɗumi kofi 1 mai rabin ƙaramin cokalin gishiri. Kanumfari a kan haƙorin yana lafar da zafi na ɗan lokaci, amma ramin yana nan sai an duba shi. Kada a zuba fetur ko ruwan batir. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba.

Ƙuna. A riƙa zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, na minti 20, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ko manja, ko ƙwai, ko toka.

Jarirai. Shayar da jariri lokacin da ake yi masa allurar rigakafi, da rungume shi a ƙirji, yana rage masa zafi da kuka.

Numfashi. Idan tunani ya taso, ƙirji ya cushe, a zauna, a ja iska ta hanci ana ƙirga 3, a fitar da ita a hankali ana ƙirga 6. A maimaita na 'yan mintuna. Addu'a da hira da wanda aka amince da shi suna sauƙaƙa nauyin zuciya.

Al'adu biyu da za a yi hattara da su

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi suna da alaƙa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Mai jego ta yi wanka da ruwan ɗumi, ta sha kunun gyaɗa ko na tsamiya. Idan ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, a kai ta asibiti a ranar. Tsaga da sakiya da cire beli kuma suna iya kawo zubar jini da cutar sarƙewar haƙora.

Lokacin da ba a jira a gida

A garzaya cibiyar lafiya, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai juna biyu, domin sai an gwada jini ake sanin ko na cizon sauro ne
- ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, alamar sanƙarau, wanda ya fi yawa a rani
- ciwon ƙirji, ko wahalar numfashi, ko mutuwar ɓarin jiki
- ciwon ciki mai tsanani, ko aman jini, ko baƙin bayan gida
- mai juna biyu da ke zubar jini, ko ciwon kai da dishi-dishin gani
- yaron da ya ƙi nono, ko yake jijjiga, ko ya kasa farkawa sosai
- cizon maciji ko na kare
- mai amosanin jini da ciwonsa ya tashi bai lafa da ɗumi da shan ruwa ba

Gudawa kamar ruwan shinkafa alamar kwalara ce. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun a hanya. Idan babu na leda, a haɗa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Ciwon da ya wuce kwana 3 bai ragu ba, shi ma a je a duba shi. Wanda kuma jikinsa ya saba da tramol, kada ya yanke ta lokaci ɗaya, domin hakan kan jawo rawar jiki da zufa da rashin barci har ya koma mata. Ya je wurin ma'aikacin lafiya da ledar ƙwayar a hannu, a tsara masa yadda zai rage ta sannu a hankali. Iyalinsa su raka shi, su guji gori.

Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda, a kuma fassara ta ga waɗanda ba sa jin Hausa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.