Yaro da Baƙon Abinci: Darasi Daga Bakin Teku

Mai karatu, ɗauki misalin magidancin da ya kwashi iyalinsa daga Kano zuwa hutu a Badagiri, can gaɓar tekun Legas. An kawo gasasshen kifin teku da jatan lande, manya sun sa hannu, amma ɗan shekara huɗu ya toshe hanci ya ce shi tuwo yake so. Uwa ta lallasa, uba ya tsawata, yaro ya fashe da kuka, nishaɗin ranar ya watse. Shin taurin kai ne?

Masana kimiyyar halittu sun ce a'a. Gudun baƙon abinci ɗabi'a ce da ke tsananta tsakanin shekara 2 zuwa 6, wato lokacin da yaro ya fara yawo shi kaɗai yana kai komai baki. Ana ganin kariya ce daga cin guba.

Game da kifin teku kuwa, hancin yaron yana da hujja. Jikin kifin ruwan gishiri na ɗauke da wani sinadari da ke taimaka masa jure gishirin teku. Da zarar ya mutu, ƙwayoyin bakteriya sukan juya sinadarin zuwa tirimetilamin, wanda shi ne tushen ƙarnin nan mai ƙarfi. Tarwaɗa da karfasa na koguna, waɗanda yaron ya saba da su, ba su da sinadarin da yawa. Maganin abin shi ne a sayi kifin da aka kamo a ranar, a matsa masa lemon tsami, domin tsamin yakan ɗaure sinadarin ya hana shi tashi zuwa hanci.

To, ta yaya ake shawo kan yaron? A shekarar 1982, Leann Birch, wata masaniya a Amurka, ta gwada 'yan shekara biyu da cuku da 'ya'yan itatuwan da ba su sani ba. Ta gano cewa yawan ɗanɗanawa shi ke ƙara so. Binciken da ya biyo baya ya nuna sau da yawa sai an ɗanɗana kamar sau goma, kuma kallo kawai ba ya wadatarwa. Tun a 1980 ta nuna cewa yaro kan karɓi abincin da ya ga tsaransa suna ci. Ashe al'adarmu ta haɗa yara a akushi ɗaya tana da tushe a kimiyya.

Saboda haka, a ba shi loma guda a gefen abincin da ya sani, a bar shi ya taɓa, ya sunsuna, ya ga masunta suna jawo taru. Kada a tilasta masa, domin tilas ƙara ƙiyayya take yi. A cire ƙaya tsaf, a dafa abin ya nuna. Idan bayan cin jatan lande ko ƙaguwa aka ga borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, a garzaya asibiti nan take.

Ribar wannan haƙuri ba kaɗan ba ce. Abincin teku na da sinadarin aidin, wanda rashinsa ke jawo maƙoƙo da dakushewar basira. Hutun mako guda ba lalle ne ya isa ɗanɗani goma ba, sai a ci gaba bayan an koma gida. Sannu ba ta hana zuwa.