Iyalin Fasto a Ƙasar Ƙanƙara

Idan hunturu ya kankama a birnin Kano, wajen Disamba da Janairu, ka ratsa Madabo da asuba za ka tarar da almajirai sun kewaye wutar kara, kowa ya ƙudundune da allonsa. Leɓe ya tsage, kaushi ya farfasa ƙafa, tsofaffi kuwa ba mai raba su da kaskon wuta. Amma wannan sanyi da muke kuka da shi bai cika yin ƙasa da digiri 10 ba. Ruwan randa bai taɓa daskarewa ba.

To, ya ku masu karatu, akwai wata ƙasa can arewacin duniya, sunanta Girinlan. Ita ce tsibiri mafi girma a duniya. Ƙanƙara ta rufe wajen kashi 80 cikin 100 nata, kaurinta a tsakiya ya kai kilomita 3. A can ƙuryar arewa rana takan fāɗi a ƙarshen Oktoba, ba a sāke ganinta sai tsakiyar Fabrairu. Mutanen ƙasar su ne Inuwit, waɗanda Turawa suka daɗe suna kira Eskimo.

Can ne wani fasto na ƙasar Norwe, Hans Egede, ya kai iyalinsa. Ya ji labari cewa kakanninsa sun zauna a tsibirin tun wajen shekara ta 985, har sun gina majami'u, daga baya aka daina jin ɗuriyarsu. Abin ya hana shi sakat. Ya yi shekara fiye da 10 yana roƙon bishop-bishop da Sarkin Denmak su aike shi. Matarsa, Gertrud Rask, da fari ta ƙi, kuma ba mai ganin laifinta, gama 'ya'yansu huɗu ne. Daga baya ta yarda, har ta zama ita ce mai ƙarfafa shi. Suka sauka ran 3 ga Yuli, 1721. Zuriyar da ya zo nema ba ko ɗaya, sai Inuwit, shi kuwa bai san kalma guda ta harshensu ba.

Yaya mutum zai rayu inda ba gero, ba dawa, ba itacen girki? Inuwit sun san amsa. Akwai wata dabbar teku mai kitse, kusan kamar ayu na Kogin Binuwai. Namanta ne abinci, fatarta ce riga da takalmi da rufin kwalekwale, kitsenta kuwa shi ne mai. Ana zuba shi cikin fitila ta dutse, a sa gansakuka ta zama lagwani. Da wannan fitila ake dafuwa, da ita ake ɗumama ɗaki, da ita ake shanya tufafi, da ita ake narka ƙanƙara a sami ruwan sha. Uwargida ce mai kula da ita. In ta mutu da tsakar dare, gidan duka yana cikin hatsari. Ɗakin hunturu na dutse ne da ƙasa mai ciyawa, ƙofarsa wani dogon rami da sai an rarrafa, don kada ɗumi ya fita. Iyalai da dama sukan zauna ɗaki guda, wanda ya yi sa'ar farauta kuma ba ya ci shi kaɗai.

Turawa suka dogara ga jirgin ruwa mai kawo musu gari da busasshen nama daga gida. Da suka ƙaura zuwa wurin da ya zama birnin Nuuk a 1728, wata cuta ta rashin bitamin C ta kashe mutanensu da yawa: dasashi ya kumbura, haƙora su zube. Maƙwabtansu Inuwit ba ta dame su ba, saboda suna cin ɗanyar fatar manyan dabbobin teku, maganin yana ciki. Da baƙin sun ƙasƙantar da kansu sun ci abin da masu gida ke ci, da kaburbura ba su kai haka ba.

Dole a faɗi gaskiya a kan Egede. Mutum ne mai zafin rai. Ya tsananta wa bokayen ƙasar da barazana, wani lokaci har da duka, kuma aikinsa a haɗe yake da ciniki da mulkin Denmak. Amma a 1733 agana ta shigo ta wurin wani yaro ɗan ƙasar da ya komo daga Kofanhagan. Inuwit ba su taɓa saninta ba, ta yi ta share ƙauyuka. Egede da Gertrud suka buɗe gidansu, suka kwantar da marasa lafiya, suka yi jinyarsu, suka binne matattu, suka riƙe marayu. Wahalar ta karya Gertrud, ta rasu a Disamba 1735. Shekara ta gaba mijinta ya ɗauki gawarta ya koma Denmak.

Abin da uban ya sha wuya a kai, yara suka samu a wajen wasa. 'Ya'yansa maza, Poul da Niels, sun tashi tare da yaran Inuwit, harshen ya zauna a bakinsu. Poul ya buga ƙamus a 1750, littafin nahawu a 1760, ya kuma kammala Sabon Alkawari a harshen ƙasar a 1766, shekara 45 bayan saukarsu.

Yau mutanen Girinlan sun kai wajen 56,000, yawancinsu 'yan Ekklesiyar Lutheran ne, suna sujada da harshensu. Siffar Egede tana tsaye bisa wani tudu a Nuuk, tana duban teku. A 2020 waɗansu suka watsa mata jan fenti, suna cewa alamar mulkin mallaka ce. Aka yi ƙuri'a a birnin, mafi yawan waɗanda suka jefa suka ce a bar ta a wurinta.