Kaɗa a Cikin Gida: Abin da Ke Hannun Uwargida

'Yan uwana mata, musamman na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Yau maganarmu a kan auduga take, wato kaɗa kamar yadda muke ce mata a nan. Wata za ta ce, to ni da ba ni zuwa gona, mene ne nawa a ciki? Uwargida, naki yana da yawa, domin kafin kaɗa ta hau sikeli a ɗakinki take kwana.

Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura, kuma gyaɗa da kaɗa ne suka jawo shi. Yau masaƙar Gusau ta daɗe a rufe, rashin tsaro ya raba mutane da gonakin nesa. Ɗan abin da maigida ya samu ya noma kusa da gari bai kamata ya lalace a gida ba.

Babban abokin gabar kaɗa shi ne buhun leda, irin na taki ko na shinkafa. In an danna ta ciki, siraran zaren buhun na tsinkewa su shige cikinta. Fari ne cikin fari, ido ba ya gani, injin gurza ma ba ya raba su. Sai an kaɗa zare, an saƙa yadi, an kai ga rini, sannan asiri ya tonu, don leda ba ta shan rini. Yadi ya fito da zane-zanen fari, an yi asara. Wannan na cikin abin da ya zubar da darajar audugar Najeriya a kasuwar duniya. To ga ki da keken ɗinki, ko allura da zare. Tsofaffin zannuwan atamfa na auduga, a haɗa biyu ko uku a ɗinka babban buhu, a ɗaure bakinsa da tsumma, ban da igiyar leda.

In an kawo ta da laima, a shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da kaji da gashin kitso. A ware fara tas daban, mai dauɗa daban. Zancen yayyafa ruwa ko zuba yashi don ta yi nauyi kuwa, algus ne, kuma mai saye ya riga ya san dabarar, kowa yake rage wa kuɗi har wanda bai yi ba.

Sai gurya. Irin shuka da ake rabawa, ko na Samcot da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar, ko sabon iri mai jure tsutsa da aka amince da shi a 2018, yawanci da magani a jikinsa, shi ya sa za ki gan shi da launi. Don Allah kada ya shiga miya, kada a ba akuya, a ɗaga shi inda hannun yara ba ya kai. Shi sabon irin nan haɗi ne, in an ajiye guryarsa aka sake shukawa ba ya ba da yabanya kamar ta farko.

Karan kaɗa da ake kawo miki na girki ma akwai magana. Tsutsar da ke huda ƙwallon kaɗa tana ɓuya cikin busassun ƙwallayen da suka rage a jikin karan, ta yi rani a nan, damina na sauka ta koma gona. Saboda haka shi za ki fara sa wa a murhu, ki bar karan dawa zuwa baya. A tabbata ya ƙare ƙurmus kafin ruwan farko.